Labarin Zuciya a Tambayi Jini

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan gaskiya ne idan ana maganar farin ciki ko ɓacin rai. Amma zuciyar nan da ke harba jini a ƙirji, idan ta gaji, fuska takan makara wajen ba da labarinta. Shi ya sa likitocin yau jini suke tambaya.

Na san haka ne ta dalilin kawuna, wanda ke fama da gazawar zuciya, wato zuciya ta kasa harba jini gwargwadon bukatar jiki. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, mutum ya kasa kwanciya rigingine. Kawu ba ya jin Turanci, likitansa kuma ba ya jin Hausa, saboda haka tun da na zo karatu nan Kudu ni ne tafintansu.

Gwajin da aka fi yi masa shi ne na NT-proBNP. Duk lokacin da jini ya taru ya takura bangon zuciya, sai ta saki wani sinadari mai suna BNP, wanda ke sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari domin a rage mata kaya. Masana a Japan ne suka gano shi a 1988 cikin ƙwaƙwalwar alade, daga baya aka gane zuciya ce babbar mai samar da shi. NT-proBNP kuwa wani gutsure ne da ke fita tare da shi, ya kuma fi shi daɗewa cikin jini. Idan bai kai pikogiram 125 a mililita ɗaya ba ga wanda ya je asibiti da ƙafarsa, da wuya a ce gazawar zuciya ce. Idan ya haura dubbai, haɗarin kwanciya a asibiti ko rasa rai ya ƙaru. Akan haɗa da gwajin troponin mai nuna lalacewar tsokar zuciya, da na ƙoda, da na ƙarancin jini.

Ranar da aka ce lambar Kawu ta tashi, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, tambaye shi, kwana nawa ya rage mini?" Likita ya bayyana cewa tsufa da ciwon ƙoda na ɗaga lambar, ƙiba na sauke ta, kuma takan faɗi idan magani ya karɓi jiki. Na ce, "Kawu, wannan awo nauyin kayan da ke kan zuciyarka yake nunawa. Adadin kwana na Allah ne. Kaya kuwa ana rage shi." Daga ranar ya daina tsallake magani, ya rage gishiri, ya bar kunun kanwa.

'Yan'uwana ɗalibai, irin wannan aiki na jiranmu. Idan tafinta ya ce wa maras lafiya "jininka ya nuna ka kusa," zai iya sa shi ya watsar da magani ya koma gida jiran ajali. Mu da muke nazarin fassara da ƙirƙirar kalmomi, wajibi ne mu zauna da likitoci mu fahimci abin da kowane gwaji ke aunawa, sannan mu samo masa Hausar da tsoho zai ji ya gane. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.