Daga Zariya Zuwa Funtuwa Cikin Ruwa

'Yan'uwana mata, ran Asabar na tashi daga Zariya za ni Funtuwa. Muna wuce Giwa sai ruwan fari ya kece. Direbanmu yaro ne, sai ƙara wuta yake yi, maza kuwa duk sun yi tsit. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, sassauta, da goyo a motar nan." Ya sassauta. Gaba kaɗan muka iske wata mota kife a rami.

Ku sani, ruwan fari ya fi santsi, don ƙura da mai sun cakuɗe bisa kwalta. A jiƙaƙƙiyar hanya kuma, nisan da mota kan ci kafin birki ya tsai da ita yakan ninka biyu. In direba ya yi ganganci, ku yi magana. Kunya ba ta ɗora karaya.