Koyon Insha'i a Wayar Hannu

Ba yau aka fara ɗaukar karatu daga malamin da ba a gani ba. Kakana ya ce a zamaninsu akan yi rajista da wata makaranta a Ingila, watau Wolsey Hall, wadda aka kafa tun 1894. Ta gidan waya ake aiko wa mutum darasi, shi kuma ya rubuta insha'i ya aika, ya zauna jira makonni. In takardar ta dawo sai ya tarar an bi ta da jan biro, an nuna masa duk inda ya kauce.

Mu namu malamin a waya yake. Tun da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona 'yan makaranta suka saba da darasin intanet, ni ma ina cikinsu. Lalle na ƙaru. A YouTube na koyi cewa kowane sakin layi magana ɗaya tak yake ɗauka: ka faɗi ra'ayinka, ka kawo hujja daga littafin, sa'an nan ka bayyana yadda hujjar ta tabbatar da shi. Na gwada wannan a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Faɗin cewa jigonsa bauta ne kowa ya iya. Aikin shi ne ka nuna yadda aka sace Umar yana yaro, da yadda uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta, kana ka faɗi abin da marubucin yake so mu ji game da ita.

Amma fa akwai gyara. Yawancin darussan da na samu da Turanci ake yin su, a kan littattafan su Shakespeare. Mu kuwa masu shirin jarrabawar Hausa, wa zai warware mana salon Abubakar Imam a Ruwan Bagaja, da dalilin da ya sa sharrin Malam Zurƙe yake ba mu dariya maimakon haushi?

Abin da ya fi damuna shi ne bidiyo ba ya duba takarda. Zai yi ta magana har data ta ƙare, amma bai san abin da na rubuta ba. Waɗanda suke dubawa kuwa kuɗi suke so, galibi da dala. A nan kakana ya fi ni morewa, ko da yake nasa a jirgi yake zuwa.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu, in kun saya mana data, ku ce mu karanta muku insha'in da muka rubuta. Innata ba ta yi boko mai zurfi ba, amma da na karanta mata nawa sai ta tsai da ni a sakin layi na uku, ta ce, "To, uwar tasa fa, ina ka baro ta?"