LOS ANJALIS: YADDA MASU ZANE SUKA TA DA TSOHUWAR UNGUWAR BANKUNA

Duk wanda ya ji an ambaci Los Anjalis, birnin da ya fi kowane girma a Jihar Kalifoniya ta yammacin Amurka, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Holiwud da 'yan wasan sinima, sai kuwa manyan hanyoyin mota waɗanda ido ba ya ganin ƙarshensu. Ba shakka birni ne na mota. Har akan yi wa mutanensa ba'a, a ce in mutum zai sayo burodi a bayan gidansa ma sai ya ta da mota. Amma a tsakiyar birnin akwai waɗansu tituna biyu da ke jere da juna, Spring da Main, waɗanda daga 2004 har zuwa farkon 2020 sukan cika maƙil da masu tafiya a ƙasa ran Alhamis ta biyu ta kowane wata. Abin da ke tara su kuwa shi ne kallon zane-zane.

Mutanen garin suna kiran wannan taro Art Walk, watau yawon kallon zane. Ba shi da ƙofar shiga, ba a yankar tikiti, ba kuma wanda ke jagora. Mutum ya karɓi 'yar takarda mai taswirar unguwa, ya bi titi, duk ƙofar da ya gani a buɗe ya shiga, ya kalli abin da aka rataya a bango, in ya ga dama ya yi ciniki, in bai gani ba ya ƙara gaba.

Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa wannan ya zama abin magana, sai ya san ko wane irin wuri ne titin Spring. A farkon ƙarni na ashirin nan ne cibiyar kuɗin birnin, har ana kwatanta shi da titin Wall na New York. Bankuna da kamfanonin inshora suka jera benaye na dutse, masu ginshiƙai da daɓen marmara. Bankin Farmers and Merchants da ke kusurwar titi na huɗu da Main an gina shi cikin 1905, otal ɗin Alexandria kuwa, inda manyan 'yan sinima na farko ke sauka, cikin 1906. Da yake dokar gari a zamanin ta hana gini ya wuce ƙafa 150, watau kamar hawa goma sha uku, sai benayen suka tashi kusan kai ɗaya, kamar an sa igiya an daidaita su.

Da aka soke wannan doka a ƙarshen shekarun 1950, sai bankuna suka fara gina dogayen benaye na gilashi a can yamma, wajen tudun Bunker, suna ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar hannun jari ita ma ta bar gidanta na titin Spring cikin 1986. Unguwar da dā akawuna da attajirai ke kai da kawowa a cikinta ta zama kufai a tsaye: gine-gine lafiya lau, amma hawa bayan hawa ba kowa sai tantabaru. Manyan otal suka koma masaukin marasa galihu. Da magariba ta yi, wanda duk yake da wurin zuwa sai ya kama gabansa.

To, irin wannan wuri shi ne abin da mai zane ke nema. Sana'arsa tana son ɗaki mai faɗi, da rufi mai tsawo, da manyan tagogi don haske, ga shi kuma yawanci aljihunsa ba nauyi. Waɗansu daga cikinsu suka riƙa kama tsofaffin ofisoshi da kantuna da araha, suna aiki a ciki, suna kwana a ciki. Cikin 1999 majalisar birnin ta yi wata doka da ta sauƙaƙa mai da tsofaffin ofisoshi gidajen kwana, ba tare da an tilasta wa mai gini cika dukkan sharuɗɗan sabon gini ba. Wani ɗan kasuwa mai suna Tom Gilmore ya gyara manyan gine-gine uku a wajen titi na huɗu, ya fitar da gidajen haya fiye da 200. Mutane da dama a lokacin sun ɗauka asarar kuɗi kawai yake yi.

Cikin 2003 waɗansu masu fasaha biyu, Nic Cha Kim da Kjell Hagen, suka nemi a raɗa wa wannan yanki, daga titi na biyu zuwa na tara, sunan Gallery Row, watau layin zaurukan zane. Majalisa ta yarda. Abin dariya, a lokacin zaurukan da ke wurin uku ne tak, ɗaya daga cikinsu kuwa sunansa Inshallah. Suna ya riga abin da aka raɗa wa zuwa duniya. Shekara ta zagayo, cikin Satumba 2004, wani dillalin zane mai suna Bert Green ya shawo kan maƙwabtansa su riƙa buɗe ƙofa rana ɗaya, lokaci ɗaya, domin wanda ke tsoron shigowa unguwar shi kaɗai ya sami abokan tafiya. Waɗanda suka zo a karo na farko ba su kai ɗari ba.

Dabarar ta ci. Cikin 'yan shekaru zaurukan suka haura talatin, masu zuwa kuma suka koma dubbai.

Baƙon da ya je wajen 2010 zai fi jin daɗin abin in ya fara da la'asar, kafin rububi. Daga arewa, kusa da titi na uku, akwai wani ɗan lungu tsakanin Spring da Broadway inda aka yi dogon bango na tunawa da Biddy Mason, baƙar mace da aka haifa cikin bauta a 1818. Ta sami 'yancinta a kotun Los Anjalis cikin 1856, ta yi aikin ungozoma, ta tara kuɗi ta sayi fili a nan titin Spring cikin 1866 a kan dala 250. Yawancin masu yawo sukan wuce wurin ba su ko waiwaya ba, alhali kuwa yana cikin ayyukan fasaha mafi ma'ana a unguwar. Kaɗan gaba, a kan Broadway, ga ƙaton hoton ɗan wasan sinima Anthony Quinn ya buɗe hannuwa a jikin wani bene, aikin Eloy Torrez na 1985.

Daga nan sai a gangara kudu. Zaurukan ba kamarsu ɗaya ba. Akwai masu farin bango ƙal, hoto biyar ko shida kawai a ciki, mai wurin na zaune a gefe ya yi shiru, farashin kuma ba a rubuta ba, sai an tambaya. Akwai kuma irin su Hive, wanda aka buɗe cikin 2005 kusa da titi na bakwai. Ma'anar sunan amya ce, kuma sunan ya dace, domin an yayyanka cikinsa ƙananan ɗakuna, kowane mai zane da ɗan saƙonsa, bango cike tun daga ƙasa har rufi. A irin wannan wuri mai kallo yakan tarar da wanda ya yi aikin tsaye kusa da aikinsa, hannu duk fenti, a yi taɗi, a yi tayi, a sallama. Dalibi ko ma'aikacin da bai taɓa tunanin zai mallaki zane na asali ba yakan fita da ɗan ƙarami a hammata. Wannan haɗuwa ta fuska da fuska ita ce ainihin amfanin taron. Babu babban gidan tarihin da ke iya ba da irinta.

Ba zauruka kaɗai ba. Masu gidajen shayi da kantunan tufafi da shagunan aski su ma sukan ba da aron bangonsu, kowa ya amfana: mai zane ya sami wurin rataya aiki kyauta, mai kanti ya sami masu leƙowa. Cikin 2011 wani kantin littattafai mai suna The Last Bookstore ya tare a wani tsohon banki a kusurwar titi na biyar da Spring. Inda dā ake layin ajiyar kuɗi aka jera kantoci na tsofaffin littattafai, ɗakin ƙarfen da ake kulle dukiya ma aka zuba masa littattafai, a saman bene kuwa aka gina wata 'yar hanya mai rufin baka da littattafai zalla, kusa da ita ga ɗakunan aikin masu zane.

Amma da duhu ya yi, sai taron ya canja kama. Motocin sayar da abinci su yi jerin gwano, hayaƙin gashi ya turnuƙe, makaɗa su kafa kaya a bakin titi, mashaya su cika har waje. Aka kai lokacin da mafi yawan masu zuwa ba su taka ƙofar ko da zaure ɗaya. Masu zaurukan suka fara ƙorafi: mai sayen zane na gaske ba ya iya ciniki cikin turereniya, ga tsoron kada wani ya jingina da aikin wata shida ya ɓata shi. Waɗansu suka riƙa rufe ƙofa da wuri a daren da aka ƙirƙira dominsu. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu zane ne suka jawo jama'a, amma ribar ta fi zuwa ga mai mashaya da mai filin ajiye motoci, uwa uba mai gidan haya, wanda duk daren da titi ya cika, darajar gininsa ta ƙaru. Bert Green ya sauka daga shugabancin taron cikin 2009, aka miƙa shi ga wata ƙungiya. Cikin 2010 har an taɓa sanar da cewa an dakatar da shi, kafin a janye maganar, domin tambayar wa zai biya kuɗin 'yan sanda da na shara ta zama abin jayayya.

Cikin Yuli 2011 abin da ake gudu ya auku. Wani direba yana ƙoƙarin ajiye mota a titin Spring, motar ta ƙwace ta hau dakalin masu tafiya a ƙasa, ta yi sanadin rasuwar jariri ɗan wata biyu da ke cikin keken turawa. Aka yi ta kiran a riƙa rufe titunan ga motoci a wannan dare. Hukuma ba ta yi haka ba. Abin da ta yi shi ne fitar da motocin abinci da masu kasa kaya daga tsakiyar yankin, don a rage cunkoso. Bayan shekara guda, cikin Yuli 2012, waɗansu masu zanga-zanga suka zo suna rubutu da alli a kan daɓen titi, 'yan sanda suka kama su, rikici ya ɓarke a mahaɗar titi na biyar da Spring, aka kama mutum fiye da goma. A daren da aka keɓe wa zane, aka ɗaure mutane saboda alli.

Akwai kuma wani abin da ba a cika sawa cikin taswirar masu yawo ba. Daga titin Main in mutum ya yi gabas, tafiyar minti kaɗan, ya shiga Skid Row, unguwar da dubban marasa matsuguni ke kwana cikin tantuna a bakin titi. Tun cikin shekarun 1970 hukumomin birnin suka tattara masaukan talakawa da gidajen agaji a nan. Saboda haka a dare guda, a titi guda, ga mai tayin hoto na dala dubu, ga wanda duk abin da ya mallaka yana cikin keken kanti da yake turawa. Da unguwar ta yi daraja, waɗansu tsofaffin otal masu araha suka koma gidajen masu hali, talakan da ke ciki ya ƙara matsawa gabas. Sai dai kuskure ne a ɗauka mutanen Skid Row 'yan kallo ne kawai. Tun 1985 John Malpede ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a cikinsu, ya sa mata suna Los Angeles Poverty Department, watau Ma'aikatar Talauci, da gangan don haruffanta na farko su yi daidai da na rundunar 'yan sandan birnin. Cikin 2010 ƙungiyar ta fara shirya bikin shekara-shekara na masu zane da mawaƙan unguwar a wani ɗan dandali mai suna Gladys. Su ma 'yan gari ne, masu fasaha ne, ko da yake mai saye ba ya cika isa wurinsu.

Kuɗin haya bai tsaya kan talaka ba, ya kai ga masu zauruka. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe ƙofa a shekarun farko sun rufe ko sun ƙaura, wurarensu suka koma gidajen abinci. Bert Green kansa ya kwashe kayansa ya koma Shikago cikin 2012. Manyan masu kuɗi kuwa suka shigo: gidan zane na The Broad ya buɗe a tudun Bunker cikin 2015, kamfanin Hauser & Wirth na ƙasar Suwizalan ya buɗe ƙaton zaure a gabashin tsakiyar birnin cikin 2016. Mutanen Boyle Heights, unguwar 'yan asalin Meksiko da ke hayin kogi, sun ga abin da ya faru. Da zauruka suka fara ɓullowa a wajensu, sai suka fito zanga-zanga cikin 2016 suna cewa a tashi, domin a ganinsu duk inda farin bango da hoto suka sauka, takardar ƙarin kuɗin haya tana tafe a baya. Mutum zai iya cewa sun huce a kan wanda bai fi kowa laifi ba, amma ba zai ce ba su da hujja ba.

Annobar korona ta 2020 ita ta tsai da taron Alhamis ta biyu. Ma'aikatan ofis suka koma aiki daga gida, kantuna da dama suka ja ƙofa, waɗansu sassan titin Spring suka sake yin shiru irin na dā. Bayan da cutar ta lafa, masu zaurukan da suka rage suka sake haɗa kai, suka ta da wani taro da sabon suna, suka mai da shi Alhamis ta farko ta wata. Suka buga sabuwar taswira, suka buɗe ƙofofi da yamma, suka zauna jiran masu tafiya a ƙasa.