Wasiƙa daga Gotenbag: Maganar Haƙoran Inna

Yaya,

Ya jikin Inna? Mu nan Suwidin hunturu ya kama. Lokacin da ake kiran la'asar a wurinku, mu duhu ya fara rufe gari.

Na ji maganar da ke yawo a dangi, wai na ce a sayar da gonar Baba a kawo Inna a sa mata haƙoran ƙarfe. Wallahi ban faɗa ba. Labarin wurin aikina kawai na ba matarka a waya.

Abin ba irin haƙorin Makka ba ne da ake lulluɓa wa haƙori. Ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam, likita ya huda ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura ta, a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya kama ta gam, sannan a ɗora haƙori a kai. A garin nan aka fara shi. Farfesa Per-Ingvar Brånemark ya yi wa mutum na farko a 1965, kuma mutumin ya yi shekara 40 yana ci da su.

Na ga amfaninsa da idona a gidan tsofaffin da nake aiki. Akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin, ƙusa biyu kacal ke riƙe da haƙoran robarta na ƙasa, amma tana cin nama, tana gurgurar busasshen burodinsu mai kama da ƙanzo. Maƙwabciyarta kuwa haƙoran robar ba abin da ke riƙe su, domin ƙashin ya zaizaye tun da haƙora suka zube. Sai su yi ta zamewa, harshe ya bar juya loma ya koma tare su. Ta haɗiye abinci gunduwa-gunduwa, daga baya ta bar naman gaba ɗaya, ga ta nan tana ramewa. Duk sanda na ba ta abinci sai na tuna Inna da magogin goronta, da yadda take tura wa jikoki tsokar da aka sa mata ta ce ta ƙoshi.

To amma Yaya, tauna daban, haɗiya daban. Muna da wani dattijo, bakinsa cike da dasassun haƙora, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ko ruwa ya kurɓa sai ya ƙware. Sai mun kaurara masa ruwan ya yi kamar kunu. Abin tsoron shi ne abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu da dattin baki, ya zama ciwon huhu. Ga ƙusoshin suna son wanki kullum. In hannu ya fara rawa ko mantuwa ta shigo, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da su ya fara cinyewa. Safe da dare muke goge wa kowa baki, kuma wannan tsari nasu ya burge ni ƙwarai. Abin da ya kasa zauna mini shi ne a kashe wa uwa wannan dukiya a baki, ta zauna tana ci ba ɗa ba jika a gefenta, sai ranar hutu a zo mata da furanni.

Kuɗin ma ba wasa ba. Hukuma na ɗauke wa mazauna ƙasar rabin abin da ya haura krona 3,000, da kashi 85 cikin ɗari na abin da ya haura 15,000. Baƙo shi zai biya duka. Ga Inna da ciwon suga, wanda ke hana rauni saurin warkewa in bai daidaita ba.

Ga abin da nake roƙonku. Kada a ƙara ba ta abinci tana kishingiɗe. A zaunar da ita sosai, bayan ta gama ta yi rabin awa kafin ta kwanta. Loma ƙanana, kuma kada a dame ta da hira loma na baki. Tuwo ya yi laushi, miya ta wadata, kuɓewa ko kuka. Nama a dafa shi luguf a daka a zuba a miya, kada a ba ta dambu a bushe, yana maƙalewa. A yawaita mata alale da ƙwai da kifin da aka cire wa ƙaya. In kun ga tsinkakken koko na sa ta tari, a dama da kauri. In ta ƙware a bar ta ta yi tarin, kada a ɗura mata ruwa. A riƙa wanke mata baki bayan ci, har dasashi da harshe. In muryarta na fita kamar da ruwa a maƙogwaro bayan cin abinci, ko zazzaɓi na yawan kama ta, a kai ta asibiti ba jira.

Zan turo kuɗi ƙarshen wata a kai ta sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano a duba turamen da suka rage mata. In da wanda za a iya cetowa, kada a bari a cire.

A gaida Inna, a ce mata ina kewar miyar kukarta. In an sami mai zuwa, a aiko mini da daddawa.

Ƙanwarka