Esin Akori-Kurar Maigida: Ke Ma Kina Da Ta Cewa

Uwargida, sau da yawa idan maigida ya ɗauko zancen gyaran mota sai mu ja bakinmu, wai harkar maza ce. To amma wa ke rungume da jariri a gaban motar idan rana ta take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40? Ke ce. Don haka gyaran na'urar sanyaya mota, wato esi, ya shafe ki.

A gidanmu akwai tsohuwar akori-kura Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Gadon mahaifin maigidana ce, Allah Ya jiƙansa, ko zancen sayar da ita ba ya so. Ita ke ɗauko mana hatsi daga ƙauye, ita ke kai yara asibiti. Da esinta ya mutu, sai na ce tunda ba za a rabu da ita ba, a sabunta shi yadda ya kamata. Abin da na koya a lokacin shi nake so ki riƙe.

Tsofaffin motoci da gas mai suna R-12 suke aiki. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda illarsa ga sararin samaniya, motoci suka koma R-134a. Sauyin ya wuce a ɗura sabo a kan tsoho. Sai an wanke bututu, an canza man kwamfuresa domin na da ba ya tafiya da sabon gas, an sa sabuwar diraya mai tsotse danshi, an canza robobin mahaɗa, sannan a zuƙe iskar ciki kafin ɗuri. Idan bakanike ya ce yau a ɗura, bayan wata biyu a sake ɗurawa, to akwai inda ke yoyo, kuɗin cefanenki ne ke bin iska. Kada kuma a yarda da gas mai arha da ba a san asalinsa ba, wani yana kama wuta.

Esi na ƙara wa inji nauyi, yana kuma ƙara shan mai. A duba lagireto da fanka tukuna, kada a sami sanyi a ciki inji kuma ya tafasa a hanyar Zariya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salansa. Da esi ya gyaru za a rufe gilasai. Idan salansa ta fashe, ƙasan motar kuma ya ci tsatsa, guba mai suna kabon monoksaid na iya shigowa, ba ta da launi ba ta da wari. Alamarta ciwon kai, jiri da barci mai nauyi, tana kuma kisa. A liƙe salansa da ramukan kafin komai. Kada ki bar yaro shi kaɗai a motar da ke tsaye, ko da esi na aiki.

'Yar uwa, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki yabi yadda yake riƙon kayan mahaifinsa, sannan ki kawo waɗannan da tattausan harshe. Ku yanke kuɗin tare, ba tare da an taɓa na makarantar yara ba. Allah Ya tsare mana iyalanmu a gida da hanya, amin.