Tsohon Mai Zuba Kwal da Labarin Ingila

A daren 30 ga watan Satumba na 2024, wani dattijo a Kafanchan yana kishingiɗe bisa buzu a zaurensa, rediyo na kusa da kunnensa, sai ya ji an ce Ingila ta rufe tasharta ta ƙarshe mai yin lantarki da kwal, watau ta Ratcliffe, kusa da birnin Nottingham. Tun 1882 aka kunna ta farko a London, ashe shekara 142 ke nan ƙasar tana tare da wutar kwal. Dattijon ya tashi zaune cikin duhu, gama unguwar ta kwana uku ba lantarki.

Abin da ya sa labarin ya taɓa shi kuwa, kwal ne ya ci ƙuruciyarsa. Tun yana saurayi ya kama aikin zuba wa jirgin ƙasa kwal. Daga Inugu zuwa Makurɗi, daga can zuwa Kafanchan, yana tsaye da shebur a bakin tanderu, gumi na zuba, wuta na tafasa ruwan tukunya, tururi na tura ƙafafun jirgi. Ya san tashar lantarki ma haka take aiki, sai dai ita tururinta injin wuta yake juyawa.

A zamanin nan kwal shi ne ƙashin bayan Nijeriya. A 1909 aka gano shi a Udi, a 1916 hanyar jirgi ta haɗa Inugu da Fatakwal don a riƙa fitar da shi. Shi ne abincin jiragen ƙasa, shi ne kuma na tashar lantarki ta Ijora a Ikko da ta Oji River wadda aka buɗe a 1956. Wajen ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa a shekara ya kai kamar tan dubu 900. Ba kuma a banza aka same shi ba. A ran 18 ga watan Nuwamba na 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a ramin Iva, saboda sun yi yajin aiki suna neman hakkinsu.

Sa'an nan abin ya soma lalacewa a kan idonsa. Jirage masu shan dizal suka shigo, su kuwa ba ruwansu da mai shebur. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka bar ramukan Inugu ruwa ya cika su. A 1968 aka gama madatsar Kainji, ga kuma man fetur da gas sun samu. Shi dai an mai da shi aikin tasha har ya yi ritaya. Amma wani amininsa, mutumin Inugu, wanda ya shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa, gida ya koma da tari a ƙirji, ba wata sana'a a hannu.

Saboda haka da gari ya waye, jikansa mai sana'ar kafa faranti masu zuƙar hasken rana ya zo gaisuwa da zolaya a baki. Ya ce, "Kaka, ka ji Turawa ma sun yar da kwal ɗinku. Ashe mun riga su wayewa."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ja'iri. Mu kwal ne ya bar mu. Su kuwa sallama suka yi da shi."

Lalle maganar tsohon tana kan hanya. A 2012 kwal ne ke ba Ingila wajen kashi 40 cikin ɗari na wutarta. A 2015 Gwamnati ta yi shela cewa za a daina cikin shekara goma, aka shiga kafa injunan iska a tudu da cikin teku, aka ƙara haraji kan hayaƙi, aka kuma jingina da gas kafin sabon ya kankama. A 2024 iska kaɗai ta ba da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ran da aka kashe Ratcliffe ba wanda fitilarsa ta mutu. Duk da haka su ma ba su tsira da tabo ba. Bayan babban yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985 an rufe ramuka da yawa, garuruwan da suka dogara da su suka daɗe cikin talauci.

Mu kuwa sakin reshe muka yi. Yawancin wutar ƙasar nan daga gas take fitowa, saura daga ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma ba ta isa ba, miliyoyin gidaje ko waya ba a ja musu ba. Da aka janye tallafin fetur a 2023, janareta ya gagari talaka, masu hali suka koma ga hasken rana, kowa da farantinsa bisa rufinsa.

Dattijon ba ya fatan a koma kan kwal. Ya shaƙi hayaƙinsa, ya binne waɗanda ƙurarsa ta cinye, ya kuma ji masana na cewa shi ne kan gaba wajen ɗumama duniya. Rana kuwa Allah ya ba mu ita kyauta, musamman a Arewa. Abin da ke damunsa guda ne. Gas da fetur ma ranarsu za ta zo, kuma akwai dubban mutane da ke cin abinci da su, daga ma'aikacin rijiyar mai har mai gyaran janareta a bakin titi. In ba a kafa sabon ba kafin a saki tsohon, in kuma ba a koya wa mutanen nan wata sana'a ba, abin da ya sami amininsa na Inugu shi zai same su.

Da yamma jikan ya hau rufin zaure ya kafa ƙaramin faranti, ya ja waya zuwa batir. Tsohon na daga ƙasa yana kallo, sai ya ce masa ya nemi yaron maƙwabcinsu mai gyaran janareta ya riƙa fita aiki da shi. Bayan magariba ƙwai ya kama a zauren. Allah ya sa shugabanni su yi wa ƙasa irin wannan tanadi.