Wanda Ya Sauko da Ni

"Mi ka aje bisa dutsi?"

Tambayar da mahaifina ya yi mini ke nan ranar da na je ƙauyenmu, a ƙasar Kusada, neman izininsa. Yana zaune a kan buzu cikin zaure, yana tufka igiyar guga, bai ko ɗago kai ba. Na riga na gaya masa cewa zan tafi Jihar Taraba in hau tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya. Na yi ta kame-kame, na ambaci motsa jiki, na ambaci ganin ikon Allah. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Wanda ya yini gona bai neman motsa jiki, ikon Allah kuwa ko cikin ƙwayar gero akwai shi. Amma tunda ranka na so, Allah shi kai ka lafiya, shi maido ka lafiya." Na fito da izini a hannu, amma ba ni da amsar tambayarsa.

Ban ga laifinsa ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Kankia zuwa Kusada, ido ba ya cin karo da komai sai gonaki, da kukoki, da gawo, da 'yan duwatsun da ke leƙowa nan da can kamar bayan raƙumin da ya durƙusa. A kan irin waɗannan na fara hawa ina yaro, lokacin da ake tura ni kiwon awaki. Abokaina sukan tsaya a inuwa suna wasan langa, ni kuwa in ɗare sama, in zauna ina kallon rufin gidajenmu da hayaƙin girki. A can na fara lura cewa garin da nake ganin ya cika duniya, ana iya rufe shi da tafin hannu.

Da na girma na zama malamin makaranta a Kankia, sai na ɓoye wannan sha'awa kamar wani aibi. A wajenmu, babban mutum da iyali ba ya hawan dutse sai in akuya ta ɓace. Ranar da na fara hawan Dala a Kano, na tsaya inda tarihi ya ce Barbushe ya riƙa tsayawa, birni ya baje a ƙarƙashina har ƙarshen gani, na waiwaya in nuna wa wani, babu wanda na sani. Na sauko da daɗin a cikina, ban sami wanda zan raba shi da shi ba.

A shekarar 2018 wani tsohon abokin karatuna ya saka ni a wani zauren WhatsApp na masu sha'awar hawan duwatsu. A daren farko ban yi barci da wuri ba. Ashe akwai irina. Akwai ma'aikaciyar jinya a Kaduna, da ɗan kasuwa a Kantin Kwari, da ɗalibi a Maraɗi, da wani ɗan Zariya da ke karatu a Faransa, wanda yakan aiko mana hotunan tsaunukan ƙanƙara. Daga wurinsa na ji cewa tun a 1786 Jacques Balmat da Michel Paccard suka taka ƙololuwar Mont Blanc. A zauren na koyi yadda ake zaɓen takalmi mai ƙarfin tafi a wajen 'yan gwanjo, da dalilin da ya sa ake shan ruwa kafin ƙishirwa ta zo, da cewa duk ledar da ka hau da ita sai ka sauko da ita. Da 'yan zauren na hau Kufena a Zariya. Na fara jin cewa ina da dangi na biyu a cikin aljihuna.

Na san nauyin wannan dangantaka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Kankia ba ta cikinsu, amma maƙwabciyarmu Dutsin-Ma tana ciki, kuma muna da ɗan zaure a can. Ya yi shiru na makonni. Mutanen da ba su taɓa taka Katsina ba suka riƙa kirana suna tambayar lafiyarsa, har sai da na hau babur na je na gan shi da idona, na dawo na ba su labari. Tun daga wannan lokaci kuma duwatsun yammacin jiharmu suka fita daga lissafinmu. Dole mai son hawa ya yi nisa.

A cikin zauren akwai wani dattijo mutumin Jos, wanda kowa ke kira Kawu. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma tun yana saurayi yake hawan duwatsun Shere. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ko da yake Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawa tsabta. Bai cika rubutu ba, sai dai ya aiko da murya, a nutse, kamar mai karanta labarai a rediyo. Idan matasa suka fara cika baki, yakan ce, "'Ya'yana, hawa da saukowa tafiya ɗaya ce. Wanda bai sauko ba, bai hau ba." Shi ya taɓa tuna mana cewa ranar 29 ga Mayu, 1953, da Tenzing Norgay da Edmund Hillary suka isa ƙololuwar Everest, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, shi ya sa har yau ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Shekara huɗu ina jin muryar nan, ban taɓa ganin mai ita ba.

Kawu ne ya kawo shawarar Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 ne daga doron teku, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Sau biyu ya gwada shi. Karon farko ruwan sama ya kore shi, karo na biyu gwiwa. Ya ce wannan ne na uku, kuma ba ya jin akwai na huɗu. Mu bakwai muka amsa. Na shiga adashi, na sayar da ragon da na yi wata shida ina kiwo, kuma na yi abin da nake jin kunyarsa har yau: na cika zauren da alkawari. Na ce ɗan Katsina zai riga kowa isa. Na gaya wa ɗalibaina su jira hotona.

A hutun ƙarshen shekarar 2022 na kama hanya: Kano, Gombe, Numan, Jalingo. A tashar Jalingo na ji wata murya a bayana tana cinikin ayaba, na juya kafin in ga fuska. Gajere ne, siriri, da furfura da sandar gora. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ni yana dariya, ya ce, "Malam na Kankia, ashe kai dogo ne. A waya kamar ɗan ƙarami."

Muka wuce Bali, muka kwana a Serti, inda hedikwatar gandun take, muka kammala takardu. A daren nan na ji kaina yana sara, gaɓoɓina suna ciwo. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san sallamar zazzaɓin cizon sauro. Na sani sarai. Amma na tuna ragona, na tuna alkawarina, na haɗiyi farasitamol a ɓoye, na ce wa kaina gajiyar mota ce. Washegari motar ta yi ta nishi tana hawan Mambila, kunnuwana suna toshewa, har muka isa Nguroje. Daga nan babura suka ɗauke mu zuwa Njawai, sannan ƙafa ta karɓa.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Tudu bayan tudu, duk lulluɓe da ciyawa, shanu jajaye suna kiwo a inda nake zaton sai tsuntsu, gajimare yana wucewa ƙasa da ƙafafunmu. Muka kwana kusa da wata rugar Fulani. Sanyin hunturun Katsina da nake taƙama da shi ya zama wasan yara. Da asuba na tashi alwala, na tarar Kawu ya riga ya ɗora mini ruwa a bakin wuta. Bai ce komai ba, ya koma ya zauna yana shafa wa gwiwarsa magani.

Muka fara hawan ƙarshe da fitilu a goshi. Kafin hantsi ƙafafuna suka fara rawa. Na koma baya, na ce ina ɗaukar hoto. Sai amai. Na durƙusa a cikin ciyawa, haƙorana suna kaɗawa, ƙasa tana juyawa. Da na ɗaga kai, ga ƙololuwar can a fili, rana ta haske ta. Jagoranmu ya ce saura kamar awa biyu.

Kawu ya dawo da baya, ya ɗora bayan hannunsa a wuyana.

"Tun yaushe?"

"Tun Serti, Kawu."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ya dubi ƙololuwar, ya daɗe yana dubanta. Jagora ɗaya ne ya san hanyar sama, dole ya wuce da sauran, dole kuma wani ya koma da ni. Matasan suka yi shiru, kowa yana kallon takalminsa, ban kuma ga laifinsu ba, domin kowa ya sayar da nasa ragon. Kawu ya ce, "Ku wuce. Idan rana ta take ba ku kai ba, ku juyo. Ni zan sauka da Malam." Na roƙe shi, na ce a bar ni a nan in jira su. Ya ce, "Ɗana, a wannan sanyin, da wannan jikin? Ba ni jakarka."

Ba na tuna saukowar duka. Na tuna jakata a ƙirjinsa, tasa a bayansa. Na tuna igiyar da ya ɗaura a ƙuguna a wata gangara mai santsi, ya riƙe ɗaya bakin, yana cewa, "Taka. Tsaya. Taka." Na tuna ƙarar numfashinsa duk lokacin da gwiwar ta amsa. A rugar, wata dattijuwa ta ba ni madara mai zafi, shi kuma ya jiƙa mini gishiri da sukari, ya fito da maganin zazzaɓi daga jakarsa, ya lulluɓe ni da bargonsa. Washegari aka goya ni a babur zuwa wani asibiti, gwaji ya tabbatar da abin da na riga na sani. Ma'aikacin ya ce da na ƙara kwana a can sama, da labarin ya canja.

Mutum biyar suka isa ƙololuwa. Hotonsu ya shiga zauren, suna riƙe da tuta, yabo ya yi ta zuba. Babu ni a ciki, wannan haƙƙina ne. Babu Kawu, wannan kuma laifina ne. A nan na gane wani abu game da wayar da nake ji da ita. A cikinta kowa yana nuna ƙololuwarsa, ba wanda ke nuna inda ya durƙusa. Shekara huɗu na gina wa kaina sura a zauren, ta jarumi marar gajiya, sai da na gwammace in sa raina da burin wani dattijo a caca da in rushe ta. A waya ana iya ɓoye zazzaɓi. Dutse kuwa ba ya karanta abin da ka rubuta.

Da na dawo Kankia ɗalibaina suka tambayi hoto. Shaiɗan ya raya mini in nuna musu na gajimare in yi shiru. Na yi kwana uku ina juya abin, sannan na gaya musu gaskiya, na kuma rubuta ta a zauren, tun daga daren Serti. Abin mamaki, sai labarai suka fara fitowa. Wannan ya juyo daga Kilimanjaro saboda numfashi, wancan ya yi kuka a Kufena. Tun daga lokacin, kafin kowace tafiya, ana tambayar kowa lafiyarsa a gaban kowa, kuma ana sanin wanda zai koma da marar lafiya tun kafin a ɗaura takalmi.

Mahaifina ya saurari labarin har ƙarshe. Bai tuna mini da tambayarsa ba. Abin da ya ce shi ne, "Shi wanda ya sauko da kai, ka je gidanshi?"

"Muna gaisawa a waya kullum, Baba."

"Waya sallama ce daga ƙofar gida. Zumunta a ƙafa take."

Ya sa aka auna gero, aka ɗaure zabi biyu, mahaifiyata ta ƙara da daddawa da ƙuli-ƙuli. Na faɗa masa cewa mutumin Kirista ne, kuma Jos gari ne da na daɗe ina kauce masa saboda labaran rikici. Ya ce, "Da ya ɗaura maka igiya, ya tambayi addininka?"

A hutun da ya biyo baya na tafi Jos da kayana. Matar Kawu ta shimfiɗa mini tabarma mai tsabta, ta nuna mini gabas. Na nemi gafararsa baki da baki. Ya ce ya yafe, amma bai ce bai ji ciwo ba, na kuma gode masa da bai faɗi hakan ba. Da safe ya kai ni Shere. Muka hau a hankali, da takunsa, har inda gwiwar ta ce ya isa. A nan muka zauna a kan wani falalen dutse, muka ci gyaɗa, yana nuna mini hanyoyin da ya bi yana saurayi.

Har yau ban taka ƙololuwar Gangirwal ba, kuma na san Kawu ba zai taka ta ba. Wannan bashi ne da gero ba zai biya ba. Amma duk ranar Juma'ar da na je Kusada, kafin mahaifina ya tambayi jikokinsa, yakan ajiye igiyar da ke hannunsa ya ce, "Yaya mutumin Jos? Gwiwar ta yi sauƙi?"